Haƙoran Ɓera

Shafi na 19

Masu cika min waya da "wai me Likita yake ɓoyewa?", ku gyara zama. Ni dai rubutawa na yi, kada wanda ya huce a kaina.

* * *

Likita na tsaye gaban durowar gilashin da ke ɗakin aikinsa, yana goge abin da babu ƙura a jikinsa.

Ba likitan mutane ba ne, kada wani ya kai masa mai zazzaɓi. 'Yan guruf ɗinsu na masu tara gem ɗin hannu ne suka laƙaba masa sunan, don duk gem ɗin da ya shigo ɗakin nan a mace, da ransa yake fita. Ya sa masa sabon sikirin mai haske, ya canja maɓallai, ya ɗora masa batirin caji. Har matarsa yanzu Likita take ce masa, musamman in ta so tsiya.

A layin sama guda biyar ne a jere: ja, shuɗi, kore, fari, sai mai ruwan zinare a tsakiya. Bugun Tauraro ke nan, wanda kamfanin ya yi 'yan kaɗan ya daina. Shekara da shekaru guda huɗu ne da shi, gurbin na biyar yana ci masa rai kamar giɓi a baki. A watan jiya giɓin ya cike, amma tun ranar bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba.

Matar tasa ta leƙo.

"Likita, a ajiye marasa lafiya, ka yi baƙi."

"Su wa?"

"'Yarka. Ɓera ce, ita da Bebi."

Ƙyallen gugar ya suɓuce daga hannunsa.

"Kin ce ina nan?"

"A'a, na ce mata ka yi tafiya, motarka da takalminka ne suka ƙi bin ka." Ta harare shi. "Lafiya? Yaushe ka fara ɓuya wa 'yar yayanka?"

"Wa ya ce ɓuya nake? Ga ni nan zuwa."

Ya rufe durowar, ya murza makulli, ya jefa a aljihu. Ya nufi falo.

Ɓera 'yar marigayi yayansa ce, ita kaɗai ya bari. Abbanta ne ya sa mata sunan lokacin tana fitar da haƙori, ranar da ta samu gem ɗinsa mai ruwan zinare ta gaigaye kusurwarsa, ta bar shatin 'yan haƙoranta a jiki. Har ya koma ga Allah, duk baƙon da ya zo gidan sai an nuna masa wurin.

Watan jiya ta kawo wa Likita gem ɗin, sikirin ya dusashe. "Baffa, sikirin kawai," ta ce. "Kada a taɓa komai." Da ta zo karɓa, sai ya miƙa mata shi cikin sabon kes, wato gidan roba, na kwaikwayo, ya ce tsohon ya tarwatse wajen buɗewa, tsohuwar roba ce, ba ta da ƙwari. Ta yi kuka a gabansa. Shi ya miƙa mata hankici, har da cewa, "Sai haƙuri 'yata, komai na duniya mai ƙarewa ne."

Ni kuwa na ce, Likita, ka ji tsoron Allah! Don kes ɗin nan bai fashe ba. Shi ne zaune a tsakiyar durowa yana ƙyalli.

A ƙasa ya samu Ɓera kan kafet, Bebi a cinyarta tana tsotsar bakin mayafi.

"Baffa, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yata. Tashi ki hau kujera mana."

"Nan ma ya yi."

"Ya gida? Ya Ummanki?"

"Tana waje a mota, ita da Abban Bebi."

Matar Likita ta dire tiren ruwa. "A mota? A gidan nan Yaya za ta tsaya a mota kamar baƙuwa? Bari in je."

"Anti, bar ta. Ita ta ce ba za ta shigo ba sai na gama."

"Gama me?"

"Ta ce ba za ta iya kallon idon Baffa ana wannan maganar ba. Ta ce a hannunta ya girma."

Likita ya zauna a bakin kujera, ya ɗauki kofin ruwan da aka kawo wa baƙuwa ya shanye.

Ɓera ta ciro waya daga jaka.

"Abban Bebi ya shiga guruf ɗinku. Shi ma ciwon ya kama shi, har ya sayi guda biyu."

"A'a, madalla. Ai da ya yi min magana, da na ba shi shawara. Akwai 'yan damfara a harkar nan."

"Haka ya ce."

Ta miƙo wayar. Hoton durowarsa ne, biyar ɗin a jere, da rubutunsa a ƙasa: Mahaƙurci mawadaci, saiti ya cika. Ƙarƙashin nan kuma yabo ne kamar ruwan sama. Wani ya ce a ba Likita kambi, wani ya ce shi kam ya sallama.

"Oh, wannan?" Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Daga waje na yi odarsa. Wani dattijo ne ya gaji da tarawa ya saki."

"A satin da na Abba ya fashe."

"Kin ga ikon Allah ko? Ni kaina na yi mamaki."

"Baffa, ɓarɓashin na Abba fa? Ko guntun kusurwar nan ka ba ni in ajiye."

"Ai na faɗa miki, na zubar."

Matarsa ta tuntsire da dariya, ba ta san rami take haƙa masa ba.

"Kai? Zubarwa? Ɓera, rabu da Baffanki, wasa yake miki. Mutumin da ke ajiye matattun batura a gwangwani? Ranar da sukuru ɗaya ya faɗi a ɗakin can, sai da aka ɗage kujerun gidan nan kaf. Na taɓa share wata fasasshiyar roba, kwana biyu ba ya ce min uffan, wai murfin batir ne na asali."

"Madam, kawo mata wani ruwan."

"Ga ruwa nan a gora. Ni dai na ce, in akwai abin da ka taɓa zubarwa a gidan nan, to hayaƙi ne."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi ta Ɓera. Ta daina dariyar.

Ɓera ta gyara wa Bebi zama. Da ta buɗe baki, babu faɗa a muryarta, wannan ne ma ya fi kashe shi.

"Baffa, ba rigima na zo yi ba. Wallahi tun da na ga hoton nan nake addu'a Allah ya sa shi ne."

"Kamar ya?"

"In shi ne, ai bai fashe ba ke nan. Yana nan. Ka san yadda na ji? Kamar an ce min Abba yana ɗaki na gaba."

Likita ya sunkuyar da kai.

"Na san yadda kake son saitin nan. Tun ina yarinya nake jin kana roƙon Abba ya bar maka, yana tsokanar ka wai sai ka yi furfura. In zuciya ce ta rinjaye ka, na yafe. Ban ma ce ka dawo min da shi yau ba. Ka bar shi a durowarka in kana so, in riƙa zuwa ina gani."

"'Yata..."

"Haƙorana kawai nake son gani. Ka ga Bebi ta fara fitar da nata, guda biyu a ƙasa. So nake in ɗauki hoton bakinta kusa da wurin. Shi ke nan buƙatata."

Da zagi ta zo da shi, da ya samu abin riƙewa.

"Ba shi ba ne," ya faɗa a hankali.

"To a ɗauko mana mu gani," matarsa ta ce. Yanzu babu wasa a fuskarta. "In ba shi ba ne, ai magana ta ƙare."

"Ba a yawan fito da su. Iska da danshi..."

"Likita. Ɗauko."

Ya tashi.

A ɗakin aiki sai da makullin ya kuskure ramin sau biyu. Ya ɗauki farar safar hannun da yake taɓa su da ita, har ya zura ɗaya, sai ya tuna wa zai kai wa, ya cire ya wurgar. Amma duk da haka a kan ƙyalle ya ɗauko shi, kamar mai ɗauke da jariri.

Ya durƙusa ya miƙa mata.

"Riƙe ta gefe, kar ki taɓa siki..."

Ya haɗiye sauran.

Ɓera ta karɓa da hannu biyu. Ba ta kalli tauraron da ke gaba ba, ba ta kalli ƙyallin ba. Juya shi ta yi kai tsaye zuwa kusurwar ƙasa ta hagu, ta ɗora babban yatsa.

Sumul.

Ta sake shafawa. Ta ɗaga shi saitin taga. Ta duba kusurwar dama, ta duba na sama, ta dawo ta hagu. Babu komai, santsi kamar yau aka fito da shi daga kwali.

"Ba shi ba ne," ta faɗa, muryarta ta karye.

Ta ajiye gem ɗin a kan ƙyallen. Ta sauke Bebi a gefe. Kafin kowa ya ankara ta zube kan gwiwoyinta gaban Likita.

"Baffa, na shiga uku. Ka yafe min."

"Ke, tashi..."

"Na zargi ubana da sata! Na kwana ina saƙa maka mugun abu a raina. Har Umma na so in sa ta zarge ka, tana cewa ba halinka ba ne, ina cewa ta zo ta gani. Kai da ka gyara min kyauta, ka sa min sabon kes don kar in ji ciwo. Wace irin 'ya ce ni?"

Hawaye na zuba a kan ƙafarsa.

Jama'a, ga ƙofa a buɗe. Cewa kawai zai yi "ba komai, na yafe," ta share hawaye ta tafi, saiti ya zauna lafiya har abada. Kuma wallahi bakinsa ya fara.

"Ba komai, 'yata. Kowa yana kus..."

"Likita."

Matarsa ce. Tana tsaye, tire a hannu, idonta a kan kusurwar gem ɗin.

"Na'am."

"Ranar nan da na tarar da kai a banɗaki ka tasa baho a gaba, da samfefa a hannunka. Ruwan ya koma ruwan ɗorawa. Na tambaye ka, ka ce aikin wani kwastoma ne."

"Madam, ba yanzu ba."

"Yanzu ne. Yarinya na durƙushe tana ba ka haƙuri. Za ka faɗa ko in faɗa?"

Ɓera ta ɗago, tana kallon wannan, tana kallon wancan.

"Anti, samfefar me?"

Matar Likita ta nuna mijinta da haɓa.

"Baffa?"

Likita ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Mutum mai furfura a gemu, ya kasa haɗa ido da yarinyar da aka haifa a gabansa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

"Shi ne."

"Shi ne me?"

"Na Abbanki ne. Bai fashe ba."

Ta dubi gem ɗin, ta sake dubansa.

"To ina haƙoran?"

Ya ƙura wa kafet ido.

"Baffa, ina haƙorana?"

"Na goge."

Ba ta yi ihu ba. Ta koma ta zauna a kan dugaduganta.

"Ka goge."

"Eh."

"Da me?"

"Samfefa ce mai laushi, da ruwa ake yi, a hankali. Shi na asali launin a cikin robar yake, ba fenti ba ne, shi ya sa in an bi da man goge roba ba za a taɓa gane..."

"Yi mana shiru!" matarsa ta daka masa tsawa. "Lacca aka ce ka yi?"

Bebi ta yi 'yar dariya ita kaɗai, tana jan igiyar jakar uwarta.

"Me ya sa?" Ɓera ta tambaya. "Ka ɗauka, na gane. Ka yi min ƙarya, na gane. Gogewar fa?"

"A guruf..." Ya goge fuska da tafin hannu. "A guruf akwai ƙa'ida. Ba a cewa saiti ya cika sai kowanne lafiyayye ne. In ka sa hoto, sai ka ɗauki kusurwa huɗun ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani da muke ce wa Mai Ido, shi ke dubawa. In ya ga ko ƙwarzane ne, sai ya rubuta 'mai tabo', shi ke nan ba a lissafa shi."

"Mai tabo."

"Haka ake cewa."

"Haƙorana ne tabon."

"Ban yi tunani ba. Wallahi lokacin da nake yi, roba kawai nake gani. Sai da na gama na ɗaga shi a haske, na ga ya yi sumul, sannan gabana ya faɗi."

"Amma ka ɗauki hoton."

Ya kawar da kai.

"Bayan gabanka ya faɗi, ka ɗauki hoton, ka rubuta mahaƙurci mawadaci."

"Na rubuta."

Matarsa ta ajiye tiren ta zauna a hannun kujera, ta rafka tagumi. "Innalillahi. Ni da hannuna na zubar da ruwan bahon nan. Har ina mita ya ɓata min baho."

Ɓera ta ɗauki gem ɗin ta ɗora a cinya, yatsanta na kan kusurwar yana neman abin da babu.

"Kana wurin ranar da na cije shi, ko?"

"Ina wurin."

"Abba ya sha ba ni labari. Ya ce kai ka fara gani, ka yi ihu kamar wuta ta kama gida. Ka ce yarinya ta kashe bugun Tauraro."

"Haka aka yi."

"Me ya ce maka?"

Likita ya rufe ido. Yana jin muryar yayan nasa har yanzu, da dariyar nan tasa mai girgiza kafaɗa.

"Faɗa min, Baffa. So nake in ji a bakinka."

"Ya ce... ya ce in bar ki. Ya ce masu tauraro kamfani ya buga da yawa, mai haƙoran 'yarsa kuwa guda ɗaya ne a duniya."

"Guda ɗaya."

"Eh."

"Kai da kake neman abin da babu irinsa, shi ne ka same shi ka mayar da shi irin na kowa."

Maganar ta shige shi. Duk shekarun da ya yi yana koya wa yara a guruf bambancin na asali da na jabu, yau ga shi an yi masa karatun a falonsa.

"Da yana asibiti," ta ci gaba, "hannunsa ba ya iya danna maɓalli. Amma kullum sai ya ce a ba shi. Ba kunnawa yake ba. Wurin nan kawai yake shafawa da yatsa har barci ya ɗauke shi. Ni ma tun da ya rasu haka nake yi. In na sa yatsana, sai in ji kamar a kan nasa na ɗora."

Likita ya fashe da kuka. Ba irin na manya mai hawaye a ɓoye ba, kuka sosai, kafaɗa na rawa.

"Ki zage ni, 'yata. Don Allah ki zage ni."

"Ba a yi min tarbiyyar zagin uba ba."

"Yayana ne ya saya min gem na farko. Shi ya koya min riƙe sukundireba. Ya bar min amanarki, ni kuma na..."

Matarsa ta sauko ta dafa kafaɗar Ɓera.

"Ban ce ki yafe yau ba. Abin da ya yi, ko ni matarsa na ji kunyar haɗa ido da ke. Amma shekarunmu tare ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar rasuwar Abbanki, sai yau. Ciwo ne da su, shi da mutanen guruf ɗin nan. In suka ga roba, hankalinsu tafiya yake."

Ɓera ta share fuska da gefen mayafi.

"Zan tafi da shi."

"Naki ne," Likita ya faɗa da sauri. "Ɗauki. Ki kawo wancan na kwaikwayon in mayar da injin Abbanki ciki, a gabanki zan yi."

"Saitinka fa?"

"Ya rushe. Yau zan goge hoton, in faɗa musu gaskiya, Mai Ido ya rubuta abin da zai rubuta. In kin ce in rabar da sauran huɗun ma, wallahi zan rabar. Na tsani ganinsu."

Ta kalle shi. A karo na farko tun shigowarta, fuskarta ta ɗan saki.

"Da gaske kake, Baffa?"

"Na rantse. Roba ce. Yau na san roba ce kawai."

"To." Ta ja numfashi. "Umma ba sai ta ji zancen samfefa ba. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Zan san abin da zan ce mata."

"Allah ya yi miki albarka."

"Amin."

Matarsa ta sauke ajiyar zuciya, ta miƙa hannu za ta ɗauki tire.

A nan ne Bebi ta gaji da igiyar jaka. Ta rarrafo ta dafa cinyar uwarta, ta ga abu mai ƙyalli. Ta kama shi da hannu bibbiyu, ta ja, ta zauna daɓas. Ta jujjuya shi, ta yi masa gwaranci, yawu na zuba.

Sai ta kai kusurwar baki.

Kusurwar ƙasa ta hagu.

Ɓera ta ƙame. Ba ta hana ta ba. Ta sa hannu ta toshe bakinta, sabon hawaye ya cika idonta, amma wannan karon da murmushi a ƙarƙashinsa.

"Allah mai iko," matar Likita ta faɗa a hankali. "Ɓera, kin gani? Bar ta. Bar ta ta..."

Ƙyas! 'Yan haƙoran nan biyu suka taɓa roba.

Ni da nake rubutawa, wallahi na so a ce hannun nan ya shanye a lokacin. Shi kansa Likita bai san ya motsa ba. Shekara da shekaru hannun ya saba, bai tsaya neman izini ba.

"Ke! Za ta ɓata shi!"

Ya fizge.

Bebi ta yi baya, uwarta ta tare ta. Yarinyar ta buɗe baki, ta ɗauke numfashi, sannan ta tsala ihun da ya cika gidan.

Likita na tsaye a tsakiyar falo, gem ɗin manne a ƙirjinsa. Har ya kama gefen rigarsa ya fara goge yawun, ya ɗaga kusurwar saitin taga yana dubawa.

Sai ya ga idon matarsa.

Sai ya ga idon Ɓera.

Hannunsa ya tsaya cak.

"Ba... ba haka nake nufi ba. Datti ne a jiki, kar ya shiga cikinta. Man gogen nan..."

Ko shi bai yarda da abin da ya faɗa ba.

Ɓera ta miƙe. Ta saɓa Bebi a kafaɗa tana jijjiga ta, ta ɗauki jakarta. Hawayen ya ƙafe ƙaf.

"Ya ɓaci, Baffa?"

"'Yata, tsaya..."

"Duba da kyau. Kar Mai Ido ya ce mai tabo ne."

Ta juya za ta fita, ta tsaya.

Labulen ƙofa ne ya ɗaga. Umma ce, matar marigayi, kukan jikarta ya fito da ita daga mota. Ta yi sallama tana haki, idonta ya sauka kan abin da ke ƙirjin Likita. Fuskarta ta washe gaba ɗaya.

"Alhamdu lillahi, ashe yana nan! Na ce miki ƙanena ba zai bari ya salwanta ba."

Ta tako har gabansa, ta miƙo hannu tana murmushi.

"Kawo, Auta. Kawo in taɓa haƙoran."